Fir'auna: sarautar da ta riƙe Masar kusan shekara dubu uku

A bakin Bahaushe, Fir'auna mutum guda ne: azzalumin sarkin nan da ya yi jayayya da Annabi Musa (A.S.) har ruwa ya ci shi. Shi ya sa duk shugaban da ya matsa wa talakawa, ko maigidan da ya cika taurin kai, sai ka ji an ce Fir'auna ne. A tarihi kuwa kalmar sunan sarauta ce, kamar yadda ake cewa sarki ko sultan. Mutane da yawa sun hau wannan gadon sarauta, tun daga wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) har zuwa shekara ta 30 kafin haihuwarsa, lokacin da sarauniya Kiliyofatira ta mutu, Rumawa suka mai da Masar wani yanki na daularsu. A cikinsu akwai jarumai, akwai ragwaye, akwai yara ƙanana, akwai mata, akwai kuma baƙi daga Libiya da Sudan da Girka.

Asalin kalmar a tsohon harshen Masar shi ne "per-aa", ma'anarta "babban gida", wato fada. Sai a wajen shekara ta 1400 kafin Miladiyya aka fara kiran sarkin kansa da ita, kamar dai yadda ake cewa "fada ta ce" alhali sarki ake nufi. Daga nan ta shiga Ibrananci da Larabci, daga Larabci ta zo Hausa. Sarakunan da suka gina manyan dalar Giza ba su taɓa jin an kira su Fir'auna ba. Masana ne suka haɗa su duka da wannan suna don sauƙi. Abin lura a nan shi ne, a ƙissar Annabi Yusuf (A.S.) Alƙur'ani ya kira mai mulkin Masar da sarki ne kawai, sai a ƙissar Annabi Musa ya ce Fir'auna, kuma bai faɗi sunansa na yanka ba.

Ƙasa biyu, sarki ɗaya

Masar ƙasa ce da kogin Nilu ya tsaga hamada ya yi ta. Kusan ba a ruwan sama, a wancan zamani noma duka ya dogara ne ga ambaliyar da ke zuwa kowace shekara daga duwatsun Habasha, ta malale gonaki ta bar baƙar laka. A farko akwai masarautu a kudu, inda kwarin kogin yake siriri, da kuma a arewa, inda ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Sarkin da ake dangantawa da haɗe su shi ne Narmar. An samu wani allon dutse nasa a 1898, yana nan a gidan tarihi na Alƙahira: a fuska ɗaya yana sanye da farar hular kudu ya ɗaga kulki zai bugi abokin gaba, a ɗaya fuskar yana da jar hular arewa. Daga baya aka haɗa hulunan biyu suka zama kambi guda, sarki kuma ya zama "ubangijin ƙasashe biyu". An kafa birnin Mamfis a mahaɗar yankunan, kusa da inda Alƙahira take yanzu.

Wani malamin addinin Masar mai suna Maneto, wanda ya rayu a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, shi ya kasa sarakunan gida-gida har gidan sarauta 30, kuma har yau da wannan lissafin masana ke aiki.

Tsakanin mutane da abin bautarsu

Ƙarfin Fir'auna ya faro ne daga aƙidar mutanensa. Sun ɗauka cewa sarki mai rai shi ne wakilin Horus, abin bautar da suke zanawa da kan shaho, kuma ɗa ne ga Ra, wato rana. Idan ya mutu sai ya haɗu da Osiris, mai mulkin matattu, ɗansa kuma ya zama sabon Horus. Saboda haka ba a ganin sarauta tana mutuwa, jiki ne kawai ke canzawa. A ranar naɗi sarki yana karɓar sunaye biyar, biyu daga ciki ana rubuta su cikin wani zobe mai tsawo kamar igiyar da aka ƙulla. A goshinsa akwai siffar gamsheƙa, a hannunsa sandar makiyayi mai lanƙwasa da bulala, a haɓarsa gemun ƙarya da ake ɗaurawa.

Babban aikin da aka ɗora masa shi ne tsare abin da suke kira "ma'at". Kalmar ta ƙunshi gaskiya da adalci da daidaiton duniya gaba ɗaya: rana ta fito, kogi ya cika a kan lokaci, alƙali ya yi hukunci daidai, maƙiyi ya tsaya a bayan iyaka. A ganinsu duk waɗannan abu guda ne, kuma sarki ne ke riƙe da shi. Wannan aƙida ta ba shi iko marar iyaka, amma kuma ta ɗaure shi. Idan kogi ya ƙi cika shekaru a jere, yunwa ta shigo, mutane sun san inda za su kai laifi.

A ƙa'ida sarki ne kaɗai ke da hurumin yin hidima a gaban gumaka. Wanda ya kalli bangon gidajen bauta na Karnak ko Luksor zai ga kusan ko'ina sarki ne ke miƙa hadaya. A zahiri malaman bauta ne ke yi da sunansa kowace safiya a ɗaruruwan wurare. Akwai kuma bikin da ake kira "heb-sed", wanda bisa al'ada ake yi idan sarki ya cika shekara 30 a kan gado: yakan yi gudu a wani fili a gaban manyan ƙasa don ya nuna har yanzu da sauran ƙarfi a jikinsa.

Ko talakan Masar ya yarda da gaske cewa sarkinsa abin bauta ne? Rubuce-rubucen da suka rage sun nuna mutanen sun san bambanci tsakanin sarauta, wadda suke tsarkakewa, da mutumin da ke kanta, wanda ke ciwo, yana tsufa, ana ma yi masa ba'a a tatsuniyoyi. Fadawan da suka ƙulla makircin kashe sarakuna, kamar yadda za a gani a gaba, ba su yi kama da masu tsoron sun taɓa allahntaka ba.

Waziri, magatakarda da rumbun sarki

Abin da ya sa mulkin ya daɗe haka ya fi alaƙa da rumbu da alƙalami. Ƙarƙashin sarki akwai waziri, wanda ke kula da shari'a, haraji, gonaki da manyan gine-gine. A zamanin da daula ta faɗaɗa akan naɗa biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. A kabarin wani waziri mai suna Rekmire, a yammacin Luksor, an rubuta ayyukan ofishin dalla-dalla, har da gargaɗin kada ya fifita wanda ya sani a kan wanda bai sani ba. An kasa ƙasar zuwa larduna da yawansu ya kai 42, 22 a kudu 20 a arewa, kowane da hakiminsa.

Masarawa ba su yi amfani da tsabar kuɗi ba sai can ƙarshen tarihinsu. Haraji da hatsi ake biya, alkama da sha'ir, da shanu, da tufafin da aka saƙa. A farkon zamani ana ƙidayar dabbobin ƙasa duk bayan shekara biyu, wani abu mai kama da jangali, har ma da wannan ƙidayar ake lissafin shekarun mulkin sarki. A tsibirin Elefantin, kusa da Aswan, da wasu wurare, an sassaƙa matakala a bakin kogi don auna tsayin ambaliya, domin daga nan ake hasashen yawan amfanin gona da abin da za a karɓa. Magatakarda su ne ƙashin bayan wannan tsari. Mutane ƙalilan ne suka iya rubutu, don haka yaron da ya koya ya tsira daga fartanya da aikin tilas. Hatsin da aka tara shi ake biyan soja da ma'aikaci da malamin bauta, shi ake fitarwa kuma a shekarar fari.

A ƙa'ida ƙasa duka ta sarki ce. A aikace akwai gandun sarki, akwai gonakin gidajen bauta, akwai waɗanda aka bai wa sojoji da manyan ma'aikata, kuma mutane na gadon gona, suna sayarwa, suna kai ƙara a kanta. Mace ma tana da ikon mallakar dukiya da shigar da ƙara da kanta.

Su wa suka gina dala?

Ba abin da ya nuna iyakar ikon waɗannan sarakuna kamar dala. Ta farko ita ce mai hawa-hawa ta sarki Josar a Sakkara, wadda ake danganta tsarinta ga Imhotef. Ba a yi shekara ɗari da rabi ba sai ga babbar dalar Hufu a Giza, wajen shekara ta 2560 kafin Miladiyya: tsayinta na asali ya kai mita 146, an kuma ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun kai miliyan 2 da dubu 300. Ta fi shekara dubu uku da ɗari bakwai babu ginin da ya fi ta tsayi a duniya.

An daɗe ana cewa bayi ne aka kora da bulala suka gina ta. Abin da aka tono a Giza tun daga 1990 ya nuna wani hoto dabam. An samu garin ma'aikata da wuraren gasa gurasa da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awakin da suka ci, an kuma samu kaburburansu a kusa da dalar, wasu da ƙashin da ya karye aka ɗora ya warke. Akwai ƙwararrun magina na dindindin, akwai kuma manoman da ake kirawa bi da bi su yi wa sarki aiki na ƴan watanni. Wannan dai aikin tilas ne, ba gayya ba, don wanda ya gudu ana hukunta shi, wani lokaci har a kama iyalinsa. Amma ƴan ƙasa ne, ana ciyar da su, ana sallamarsu.

A 2013 wata tawagar masana ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ta samu tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. A cikinsu akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya riƙa rubuta kowace rana yadda shi da mutanensa ke loda farin dutse a Tura, su bi ruwa da jirgi su kai Giza, su komo. Su ne takardu mafi tsufa masu rubutu da aka taɓa samu a Masar, kuma abin da ke cikinsu lissafin kwanaki ne da rabon abinci. Mulkin Fir'auna ke nan idan aka dube shi daga ƙasa.

Idan sarki ya mutu, ana kwashe kwana 70 ana shirya gawarsa. Babban abin da ke busar da ita shi ne kanwa, irin wadda aka sani a kasuwanninmu, su kuma suna haƙo tasu a wani kwari da har yau ake kira Wadi Natrun.

Sarkin yaƙi

Bayan wasu baƙi daga Asiya da ake kira Hiksos sun mulki arewacin ƙasar, sarki Ahmos ya kore su wajen 1550 kafin Miladiyya. Daga nan Masar ta zama daular yaƙi mai sojoji na dindindin da kekunan doki. Tutmosis na III ya fita yaƙi sau 17 zuwa Falasɗinu da Sham, ya ci Magiddo, har ya haye kogin Furatu. A kudu an mamaye Nubiya saboda zinariyarta, aka naɗa mata wakili mai laƙabin "ɗan sarki na Kush". Akan kwaso ƴaƴan sarakunan da aka ci a rene su a fada, su koma gida suna masu biyayya.

Ramsis na II, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, daga 1279 zuwa 1213, ya gwabza da Hittawa a Kadesh wajen 1274. Da ƙyar ya tsira, kuma garin bai faɗa hannunsa ba, amma ya sa aka zana yaƙin a bangon gidajen bauta da dama, ciki har da Abu Simbel, a matsayin gagarumar nasara. Wanda ke karanta bangon Fir'auna sai ya riƙa tunawa cewa sarki ba ya faɗuwa a rubutun da shi ya biya a yi. Bayan shekara goma sha biyar ɓangarorin biyu suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya, wadda kwafinta ke rataye yau a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York. Ramsis ya kuma auri ƴar sarkin Hittawa. Fir'aunoni na karɓar ƴaƴan sarakunan waje, amma ba su ba da nasu. Wasiƙun da aka samu a Amarna sun nuna sarkin Babila ya nemi ƴar Amenhotef na III an hana shi.

Mutane da yawa na ɗaukar Ramsis na II ko ɗansa Marnafta a matsayin Fir'aunan Annabi Musa. Hasashe ne, babu rubutun Masar da ya tabbatar. Abin da ke akwai shi ne wani dutse na Marnafta, na wajen 1208, wanda shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci sunan Isra'ila.

Mace a kan gado, da sarkin da ya rufe gidajen bauta

Sarautar ta maza ce, amma mata kaɗan sun hau. Wadda ta fi shahara ita ce Hatshafsut. Ta fara da riƙon ƙwarya saboda Tutmosis na III yaro ne, sannan ta ɗauki cikakkun sunayen sarauta, ta yi mulki kusan shekara 20. A gumakanta an nuna ta da gemun sarauta da tufafin maza. Ta aika jiragen fatauci zuwa ƙasar Punt suka komo da turare da itatuwa da hauren giwa. Shekaru bayan mutuwarta aka bi aka kankare sunanta da hotonta daga gine-gine.

Akinaton, wanda ya hau wajen 1353, shi ya gwada iyakar abin da Fir'auna zai iya. Ya ɗaukaka bautar Aton, wato faifan rana, ya sa aka goge sunan Amun, babban abin bautar Tibis, ya bar tsohon birni ya gina sabo a Amarna. Yana da rai ba wanda ya iya hana shi. Yana mutuwa komi ya rushe: aka bar sabon birnin ya zama kufai, yaron da ya gaji gadon ya canza suna ya koma Tutankamun, aka cire sunan Akinaton daga jerin sarakuna. Shi Tutankamun bai kai shekara 20 ba ya mutu, kuma bai yi wani abin a zo a gani ba. Sunansa ya cika duniya ne kawai saboda Howard Carter ya samu kabarinsa a 1922 kusan ba a taɓa shi ba, da kaya fiye da 5,000 a ciki.

Inda ikon ke tsayawa

Sau da dama sarautar ta yi rauni har ƙasa ta tsage. Bayan dogon mulkin Fefi na II, wajen 2180 kafin Miladiyya, hakiman larduna da suka mai da muƙaminsu na gado suka zama sarakunan kansu, ga ƙarancin ambaliya da yunwa. An fi ƙarni guda kafin Mantuhotef na II, daga Tibis, ya sake haɗe ƙasar.

Zamanin Ramsis na III ya fi kowane nuna yadda abin ke lalacewa daga ciki. Sarakuna sun yi ta ba gidajen bauta kyautar gonaki da shanu da bayi, har gidan Amun na Karnak ya zama hukuma a cikin hukuma. A shekara ta 29 ta mulkinsa, masu sassaƙa kaburburan sarakuna da ke zaune a ƙauyen Der al-Madina suka ga rabon hatsinsu ya yi jinkiri. Suka ajiye kayan aiki, suka fita suka zauna a bayan gidajen bauta suna cewa yunwa suke ji, a kai maganarsu ga waziri da Fir'auna. Wannan shi ne yajin aiki na farko da aka samu a rubuce a tarihi, kuma sun samu wani ɓangare na hatsin. Ba da daɗewa ba wata matar sarkin mai suna Tiye ta haɗa baki da fadawa da wasu ma'aikata don ɗanta Fentawer ya hau gado. Takardun shari'ar da aka yi musu suna nan a birnin Turin na Italiya. An daɗe ana gardama ko makircin ya ci, sai a 2012 da aka ɗauki hoton gawar sarkin da na'urar asibiti aka ga an yanka maƙogwaronsa har ƙashi. Duk da haka ɗan da ya zaɓa ne ya gaje shi, waɗanda aka kama kuma aka kashe wasu, aka bar wasu su kashe kansu.

A zamanin Ramsis na IX har kaburburan sarakuna ake fasawa, ɓarayin kuma da aka gurfanar sun faɗi yadda suke raba zinariya da ba ma'aikata cin hanci. A ƙarshe manyan malaman Amun suka riƙe kudu, sarki yana arewa da suna kawai. Su ne suka kwashe gawarwakin tsofaffin sarakuna suka ɓoye a rami guda a Der al-Bahari, inda hukuma ta gano su a 1881.

Fir'aunonin da suka zo daga waje

Sarautar ta fi gidajen da suka riƙe ta ƙarko, domin duk wanda ya ci Masar sai ya sa kambin ya ɗauki sunayen. Shoshenk na I, wajen 945, jinin Libiya ne. Wajen 728 sarki Piye ya taso daga Nafata, a arewacin Sudan ta yau, ya ci ƙasar har arewa, zuriyarsa suka zama gidan sarauta na 25. Waɗannan sarakunan Kush sun ɗauki kansu masu farfaɗo da tsohuwar al'ada, suka dawo da binne sarki a ƙarƙashin dala bayan Masarawa sun daɗe da bari. Shi ya sa yau Sudan ta fi Masar yawan dala, ko da yake nata ƙanana ne. Mafi girmansu, Taharka, ya yi mulki daga 690 zuwa 664, ya yi ta fama da Assuriyawa, waɗanda suka washe Tibis a 663.

Farisawa sun shigo a 525. Ɗan ƙasa na ƙarshe da ya hau gadon shi ne Nektanebo na II, wanda Farisawa suka kora wajen 343. Iskandar na Makidoniya ya karɓe ƙasar a 332, bayansa zuriyar kwamandansa Batlamus suka yi kusan shekara 300 suna mulki daga Iskandariya, suna magana da Girkanci a fada, a bangon gidajen bauta kuma ana zana su da kambin ƙasashe biyu. Wata sanarwa da malaman bauta suka fitar don girmama ɗaya daga cikinsu a shekara ta 196, da rubutu iri uku, ita ce ke kan dutsen Rashid da sojojin Faransa suka tsinta a 1799. Da taimakonsa Shamfoliyon ya warware rubutun Masarawa a 1822, bayan an yi fiye da shekara dubu ba mai iya karanta shi.

Gawarwakin da yawa daga cikin sarakunan suna nan har yau. A 1976 an kai ta Ramsis na II birnin Paris don a yi maganin wani naman gwari da ke cin ta, aka tarbe ta a filin jirgi da faretin soja. A ranar 3 ga Afrilu 2021 hukumomin Masar suka ɗauki gawa 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gida a Fustat, kowace a motarta da sunanta a jiki, aka harba musu bindiga sau 21.